Na Ƙirga Ashirin

Litinin, 5 ga Oktoba, 1998

Yau kwanana talatin da ɗaya a Guangzhou. Bene, hawa na goma sha huɗu. Taga ɗaya ce a ɗakin, ita ma bangon wani gini take kallo. Mas'udu ya fita tun ƙarfe bakwai. Ya bar mini shayi a filas da magani iri uku a kan faranti, kowanne ya rubuta lokacinsa da manyan baƙaƙe, sai ka ce ban yi Midil ba. Ya ce kada in sauka ni kaɗai, zan ɓata. Ni da na tuƙa jirgin ruwa daga Yawuri har Lakwaja tun bai zo duniya ba.

Ɗa ɗaya Allah ya bar mini, shi ne wannan. Shekararsa arba'in da biyu. Yana sayen yadi da takalma yana aikawa Kano a kwantena. Mutane suna cewa na yi sa'ar ɗa. To.

Laraba, 7 ga Oktoba

Asibiti. Tankari ne ya yi tafinta. Abokin Mas'udu ne, mutumin Dogon Dutsi. Ya zo karatu shekara goma sha biyu da suka wuce ya ƙi komawa, Sinanci a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Likita ya ce hanyoyin jini biyu na zuciyata sun toshe, sai an buɗe ƙirji. Sun ajiye mini rana, 17 ga Nuwamba, amma sai na sa hannu a takarda, kuma kada ya wuce 13 ga wata. In ban yi ba, wai da wuya in ga damina mai zuwa. Tankari ya so ya sassauta maganar, na ce masa ya faɗa yadda aka faɗa.

Ban sa hannu ba. Mutuwa ba ta ba ni tsoro. Abin da ba na so shi ne in mutu a kan tebur, a tsage kamar kifin banda, a garin da ba wanda ya san sunan ubana. Na ce a mai da ni gida. Da muka shiga tasi, Mas'udu ya ce, "Gida wurin wa, Baba?" Mero, uwarsa, ta rasu shekara shida ke nan, gidan Yelwa 'yan haya ne a ciki. Ya san inda zai taɓa.

A bangon ofishin likita akwai kalanda. Hoton wani tabki ne cikin daji, tsibirai birjik, da wani ɗan jirgi siriri a tsakiya. Duk maganar da suke yi, ni shi nake kallo.

Alhamis, 8 ga Oktoba

Ƙafafu sun kumbura. Daga safe har magariba ban ji muryar mutum ba.

Juma'a, 9 ga Oktoba

Bayan masallaci mun ci taliya a wurin Musulmin nan masu farar hula a Xiaobei. Na tambayi Tankari tabkin kalanda. Ya ce ya san shi, jami'a ta taɓa kai su. Dajin gwamnati ne, arewa da gari, tafiyar awa uku a mota. Ana ba da hayar jirgi, ana kamun kifi da ƙugiya, mai so ya kafa tanti ya kwana a bakin ruwa. Ya ce, "Ni dai daga tudu na kalle shi, Baba Malam. A garinmu duk ruwan da ba a cikin guga yake ba, ba mu yarda da shi ba."

Na ce wa Mas'udu ya kai ni can, kwana ɗaya, in shiga jirgi in jefa ƙugiya, sannan mu yi maganar takarda. Ban ce zan sa hannu ba. Na ce mu yi magana.

Ya ajiye cokali. "Ruwa kuma, Baba?" Na ce ruwa. Ya ce to, bari ya gama lodin kwantena.

Litinin, 12 ga Oktoba

Ba abin yi sai tunani. Ni Basarke ne ɗan Basarke, a tunga aka haife ni, a bakin kogin Kwara. Da hakimi ya nemi yaro ɗaya daga tungarmu a kai makaranta, ni aka bayar, don ina fama da ciwon ido a lokacin, ba a ganin zan yi amfani a ruwa. Daga elementare sai Midil a Sakkwato, daga nan sai aikin En'e. Shekara talatin da ɗaya ina Malamin Kifi. A ofis suna ce mini mai ƙarni, a tunga suna ce mini ɗan boko. Ban taɓa zama inda aka ce wannan namu ne gaba ɗaya ba. Amma a cikin jirgi ba wanda ya taɓa gyara mini riƙon filafili.

Rabona da jirgi shekara tara. Nawa ya ruɓe a gaɓa, daga baya matan unguwa suka yi makamashi da shi. Ba wanda ya tambaye ni.

Alhamis, 15 ga Oktoba

Tankari ya zo da rana ya fitar da ni, ba da sanin Mas'udu ba. Mun shiga shago huɗu neman ƙugiya. Ko'ina "meyo", wato babu. A na biyar muka samu, wurin wata tsohuwa mai sayar da kayan su. Ƙugiyoyinsu sirara ne, amma ƙarfen mai kyau ne, na gwada a farce. Na ɗauki shida da zare yadi hamsin. Tsohuwar ta ga yadda na gwada, ta ce wa Tankari wani abu. Wai ta ce wannan tsohon ya san kifi. Tun zuwana ita ce ta farko da ta lura na san wani abu.

Ɗaurin ƙugiya huɗu ya kai ni la'asar. Da can ina ɗaure ɗari kafin hantsi.

Asabar, 17 ga Oktoba

Kwantena ta tafi tun shekaranjiya. Yanzu kuma wai wani Alhaji ne ya zo daga Kumasi, sai an zaga da shi kasuwannin Sanyuanli.

Talata, 20 ga Oktoba

Na san abin da ke hana shi. Kunyar asalinsa yake ji. Ba ya cin kifi, in aka kawo sai ya turo mini farantin da ɗan yatsa. Ya gaya wa mutanen nan shi Bakano ne, na ji da kunnena. Ranar da muka haye babban kogin garin nan a tasi, na ce ya dubi girman ruwa, sai na ga ya rufe ido, wai barci.

Tun yana yaro haka yake. A wurinmu in yaro ya kai shekara bakwai, ubansa yakan fitar da shi tsakiyar ruwa a gaban manya, ya ɗaga shi ya jefa. Ba gora, ba igiya. Uban ya tsaya a jirgi yana ƙirgawa, in yaron bai taso ba sai ya bi shi. Haka aka yi mini, haka aka yi wa ubana, ba wanda ya mutu. Yawancin yara kafin a ƙirga biyar sun taso suna tari suna harbin ruwa, daga ranar sun zama mutane. Nawa ya tafi kamar dutse. Ni na ciro shi, a gaban Sarkin Ruwa da duk tunga. Ya yi kwana uku yana zazzaɓi. Mero ba ta yi mini magana ba har wata guda, kafin shekara ta zagayo ta kai shi Kano wurin wanta mai shagon yadi. Daga nan na rasa shi.

Ban taɓa ce masa komai a kan wannan rana ba, ban kuma ga abin da zan ce ba. Shi ya kunyata ni, ba ni na kunyata shi ba.

Juma'a, 23 ga Oktoba

"In sha Allahu sati mai zuwa, Baba." Karo na uku.

Lahadi, 25 ga Oktoba

A ƙofar wani gidan abinci na ga kifi a akwatin gilashi, sun fi ashirin a ruwan da bai kai kamu biyu ba. Ɗaya ya kwanta gefe, yana buɗe baki yana rufewa. Na daɗe a tsaye har Mas'udu ya ja hannun rigata, wai muna tare hanya.

Talata, 27 ga Oktoba

Da hantsi abin ya kama ni a banɗaki. Kamar an ɗora mini turmi a ƙirji, hannun hagu ya mutu. Na sa ƙwayar ƙarƙashin harshe, na zauna a ƙasa har ya sake ni. Ban gaya masa ba. In ya ji, tafiya ta mutu ke nan, ya samu dalili mai kyau.

Saura kwana goma sha bakwai. Ya ajiye takardar a kan talabijin da biro a kanta, don in riƙa gani.

Asabar, 31 ga Oktoba

Na yi abin da bai kamata ba, kuma ban yi nadama ba. Tankari ya zo cin abincin rana, Mas'udu ya sake ɗago maganar takarda. Na ce masa a gaban abokinsa, ka iya hawa jirgin sama ka ƙetare duniya saboda takalmin roba, amma tafiyar awa uku ta gagare ka saboda ubanka. In kunyata kake ji ka faɗa, Tankari ya kai ni, in an tambaya a ce ni mai gadinka ne.

Tankari ya sunkuyar da kai cikin kwano. Mas'udu ya daɗe yana kallon hannunsa. Ya ce, "Asabar mai zuwa." Ya tashi ya shiga ɗaki, abincinsa ya huce a nan.

Tankari ya ce mini a hankali, "Baba Malam, kun cika zafi." Na ce masa ya ci abincinsa.

Juma'a, 6 ga Nuwamba

Sun samo mota da tanti da barguna. Mas'udu ya sayo wasu riguna masu kumburi, ruwan lemo, wai suna hana nutsewa. Har uku. Na ce tawa ya mayar. Na kwaɓa garin masara da kifin gwangwani na yi koto, ɗakin duk ya ɗauki wari. Ya buɗe taga.

Asabar, 7 ga Nuwamba, bakin tabki, kafin magariba

Mun iso da azahar. Dam ne, ba tabkin Allah ba. Tun daga mota na gane. Tsibiran kawunan tuddai ne, gaɓa kuma jar ƙasa ce kewaye, ba ciyawa, alamar ruwan yana hawa yana sauka da umarnin mutum. Haka Kainji ya yi da ya cinye tungarmu. A ƙarƙashin irin wannan ruwa akwai kututture, akwai gonaki, wataƙila har da kaburburan wasu. Kifi yana son wurin kututture.

Daji ne sosai. Itatuwa dogaye masu ganye kamar allura, da wani ƙamshi da ba mu da shi a gida. Na ja numfashi ya sauka har ƙasa, karo na farko tun zuwana.

Mutum biyu masu ilimi, awa guda suna kokawa da tanti. Tankari yana karanta takarda da Sinanci yana ba da umarni da Faransanci, Mas'udu yana riƙe da sanda bai san inda zai soka ta ba. Da suka gama, ƙofa tana kallon iska. Na bar su har suka shimfiɗa barguna sannan na faɗa. Tankari ya ce, "Kun gani tun ɗazu kuka yi shiru?" Na ce ba a tambaye ni ba. A zamaninmu in mun sauka a tsibiri, zana biyu da sanda huɗu, kafin ruwan tuwo ya tafasa an gama rumfar kwana.

Mai jiragen tsoho ne, kusan sa'ana, haƙori uku a bakinsa. Ya nuna mini manyan jirage masu rumfa na 'yan shan iska. Na girgiza kai na nuna nasa, siriri, na katako, kai da gindi iri ɗaya. Ya ƙi. Na buɗe masa tafin hannuna. Kantar hannu ta tafi tuni, amma yatsun suna nan a karkace yadda filafili ke karkatar da su. Ya duba, ya buɗe nasa kusa da nawa. Sai ya yarda, amma da sharaɗi: gobe da safe, kuma ba ni kaɗai ba, sai da mutum a gaba. Tankari ya ce shi ko ɗaure shi aka yi ba ya shiga, uwarsa ba ta yafe masa ba.

Na jefa ƙugiya daga gaɓa na kama biyu, irin ƙarfasa, kowanne kamar tafin hannu. Na gasa su a garwashi da gishiri da yaji. Tankari ya cinye ɗaya har kai, yana cewa wannan ya fi na Yamai. Mas'udu ya ci biredi, ya zauna can nesa, bayansa ga ruwa. Ko arzikin kallo ruwan bai samu ba.

In ba wanda ya shiga gobe, zan roƙi tsohon ya zauna mini a gaba. Baƙo ya yi mini abin da ɗana ya ƙi.

Lahadi, 8 ga Nuwamba

Mun dawo. Ba zan iya rubutu yau ba.

Litinin, 9 ga Nuwamba

Zan rubuta yadda ya faru daki-daki, kamar rahoton rangadi.

Da gari ya waye sosai na sauka gaɓa, ruwa yana tururi. Na iske Mas'udu tsaye wurin jirgin, ya sa rigar lemo ya ɗaure kowace igiya. Na ɗauka zai ce a fasa. Sai ya ce, "A ina zan zauna?" Na nuna masa gaba. Ya shiga da rarrafe, jirgi ya yi rawa, mai jirgi ya riƙe. Ni na zauna a baya. Babba a baya yake zama, shi ke tuƙi, shi ke juya kai. Filafili biyu ne, ɗaya a hannuna, ɗaya a kwance a ciki.

Tuƙi goma na farko kafaɗa ta yi ta ƙara. Daga nan jiki ya tuna. Ban san yadda zan rubuta wannan ba. Jirgin yana jin magana, ruwa yana tsagewa ba ƙara. Na manta da likita, na manta da hawa na goma sha huɗu. Na nufi bayan tsibiri na biyu, inda na ga kan wani busasshen itace ya leƙo, wajen rabin mil daga gaɓa. Na jefa ƙugiya. Ba a yi minti goma ba wani abu mai nauyi ya ja. Na sha fama da shi kafin in ciro shi. Tarwaɗa ce, ta kai tsawon hannu. Na ce, kai, juyo ka gani.

Bai juyo ba. Sai a lokacin na dube shi. Tun da muka taso ruwa nake kallo, ban dube shi ba. Hannayensa biyu suna damƙe da gefen jirgi, gaɓoɓin yatsun sun yi fari. Gumi yana bin ƙeyarsa, da sanyin nan. A ƙeyar akwai furfura. Ban taɓa lura ba.

Na ce mene ne. Ya ce, yana kallon gabansa, "Baba, ban iya ruwa ba. Ko gada zan haye a mota, ido nake rufewa."

Shekara talatin da biyar ina cewa raini ne.

Iska ta taso ta fara tura mu tsakiya. Na sa filafili in juya kai, a tuƙi na uku turmin nan ya sauka a ƙirjina. Filafili ya suɓuce, ina kallonsa yana tafiya. Na lalubo ƙwaya na sa ƙarƙashin harshe. Tsibiri ya kare mu, ba mai ganinmu daga gaɓa.

Ya ji shiru, ya kira ni. Na ce masa ciwon ne. Ya yunƙura zai miƙe ya zo wurina, jirgi ya kwanta gefe har ya ɗebi ruwa. A tsakiyar ruwa ba a canja wuri, kowane yaro a tunga ya san wannan. Na ce zauna. Da ƙyar muryar ta fita, kamar raɗa. Na ce jirgin nan kai da gindi ɗaya ne, ka juyo a zaune ka fuskance ni, ƙafa ɗaya sannan ɗaya, wurinka ya zama baya. Ya ce ba zai iya sakin gefe ba. Na ce saki hannu ɗaya. Ya saki. Ya juyo. Fuskarsa ta yi toka-toka.

Na tura masa ɗaya filafilin da ƙafa. Na ce hannun dama a kai, hagu a wuya. Kada ka kalli ruwa, ni za ka kalla. Soka a gaba, ja zuwa ƙugu, murɗa hannu kaɗan a ƙarshe, in ba haka ba zagaye za mu yi ta yi. Mun zagaya sau biyu. Da a da ne, da na zage shi har kakansa, don haka na koya wa duk wanda na koya wa. Amma ba ni da numfashin tsawa. Kalma ɗai-ɗai ke fita, ita ma a hankali. Soka. Ja. Murɗa. Madalla. Sake. A zagaye na uku jirgi ya miƙe. Wataƙila don ba tsawar ne. Ban sani ba.

Na ce kada ya yi faɗa da iska, ya bi ta a karkace zuwa wani lungu da ke kudu da tanti. Tafiyar da na yi cikin minti goma sha biyar, ya yi ta cikin kusan arba'in. Bai ɗauke ido daga kaina ba, ni ma ban rufe nawa ba, don na ga in na rufe zai saki filafili. Da jirgi ya taɓa ƙasa, ya fito ya ɗauke ni cak ya ajiye a kan ciyawa. Ruwa har gwiwarsa, bai ma lura ba. Sannan ya koma gefe ya yi amai.

Kafin Tankari da mai jirgi su iso ciwon ya sake ni. Tarwaɗar na ce a ba tsohon a madadin filafilinsa. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi wa Mas'udu wata doguwar magana. Tankari ya ce wai faɗa ne, amma yana murmushi yana yi.

Sun biya da ni asibiti, an yi mini allura, an riƙe ni har yamma. Likita ya yi wa Mas'udu faɗa sosai. Ya tsaya ya sha, bai ce ni na nace ba.

Akwai abu ɗaya kuma. A mota, muna hanyar dawowa, Tankari yana gaba wurin direba yana barci, ko yana yi kamar yana barci. Mas'udu ya ce, yana kallon taga, "Ranar nan, ina ƙasa ina ganin cikin jirgi daga ƙarƙashi, baƙi. Ina ganin inuwarka a tsaye. Ina ta jira ka zo." Na ce al'ada ce, ƙirgawa nake yi. Ya ce, "Na sani, Baba." Shi ke nan.

Talata, 10 ga Nuwamba

Ban gaya masa duka ba.

Goma ake ƙirgawa. Kowane uba a goma yake faɗawa ruwa, wasu ma a bakwai, a yi kamar ba a gani ba. Ni na kai ashirin. Sarkin Ruwa yana jirgin da ke kusa, da ƙannen ubana, duk sun zuba ido su ga ko ɗan boko mai albashi zai yi wa ɗansa gata. Na kai goma, na ji idonsu a bayana, na ci gaba. Ina tuna kowace lamba. A goma sha biyar kumfa ta daina fitowa.

Ba wanda ya ɗaga maganar, sai ma yaba mini da aka yi a wurin hira. Mero kuwa daga gaɓa ta ƙirga tare da ni. Ba ta taɓa faɗa ba, ta tafi da abinta kabari.

Haka zamanin yake. Ban ce na yi daidai ba. Ban kuma ce... Bari dai.

Laraba, 11 ga Nuwamba

Ya dawo ƙarfe huɗu, ba dalili. Tafin hannunsa ya yi bororo uku, ya fasa ɗaya. Na ce ya bar sauran, ya jiƙa a ruwan ɗumi da gishiri. Mun zauna. Ya gyara mini matashi sau biyu, ya dame ni.

Alhamis, 12 ga Nuwamba

Tankari ya zo da ayaba, Mas'udu yana ofis a Tianxiu. Ya ce zai gaya mini wani abu, amma in na tona shi zai musa. Kwantenar gaskiya ce, Alhajin Kumasi kuwa babu shi. Tun ranar da na yi maganar tabki, sau biyar yana raka Mas'udu wani otal mai wurin iyo. Mutum mai iyali, da gajeren wando, a tsaye a kan matakala, ruwa iya gwiwa, ya kasa ƙara taku ɗaya. Kowane sati yana cewa a ba shi sati ɗaya kuma, zai iya.

Na ce da ya faɗa mini. Tankari ya ɓare ayaba ya miƙo mini. "Wa zai faɗa muku, Baba Malam?"

Yaran zamani ba su da kunya.

Juma'a, 13 ga Nuwamba

Na sa hannu. Da safe, kafin mu tafi masallaci, yana wanka. Na mayar da takardar kan talabijin yadda take. Ya fito ya gani, ya tsaya, sannan ya ninke ta ya sa a aljihu ya tambaye ni ko in sa babbar riga, akwai sanyi.

Ba ra'ayi na sake ba. Har yanzu ba na son teburin nan. Amma murɗin hannunsa bai yi ba. Yana yi da wuri, kafin filafili ya kai ƙugu, shi ya sa jirgi ke ƙwace masa. Ba abin da ake gyarawa a rana ɗaya ba ne, in kuma wani ya koya masa, ɓata shi zai yi. Na sa Tankari ya tambayi likita wata nawa ake yi bayan aiki kafin mutum ya iya tafiyar awa uku a mota. Wai uku. Na tambaya ne kawai.

Da yamma muna shan shayi na so in gaya masa maganar ashirin. Na buɗe baki, sai na ce sukari ya yi yawa.

Akwai sauran kwana huɗu.